Babi na Biyar: Kafin a Sa Rana

Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani dogon bincike a ƙauyukan ƙasar Garki, wadda a wancan lokaci take cikin Jihar Kano, yau kuma tana Jigawa. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kai su. Suna so su gano ko feshin gidaje da rabon magani za su iya katse yaɗuwarsa a karkarar Afirka. To da yake ana ɗibar jinin mutanen ƙauyukan a kai a kai, daga jariri har tsoho, sai likitocin jini, ciki har da Alan Fleming wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka duba irin jinin da kowa ya gada.

Abin da suka wallafa a 1979 ya isa ya hana mutum barci. Cikin kowane jarirai 100 da aka haifa, kimanin 2 suna zuwa duniya da cutar sikila. Amma da aka duba yaran da suka tasa da kuma manya, da ƙyar ake samun mai ita ko da ɗaya cikin dubu. Ba warkewa suka yi ba, don sikila ba ta barin jikin mai ita. Mutuwa suka yi, akasarinsu tun ba su kai shekara biyar ba, kuma ba a taɓa sanin sunan abin da ya ɗauke su ba. Uwa ta haihu, ta yi goyo, yaro ya fara kumburin hannu da ƙafa, idanunsa su koma ruwan ɗorawa, zazzaɓi ya rufe shi dare ɗaya, kashegari a kai shi makwancinsa. Ta sake haihuwa, a sake binnewa. Sai a ce wabi take yi, ko a ce kamun maye ne, ko iska, a shiga neman rubutu da turare.

Yau mun san sunan cutar, mun kuma san ta inda take biyowa. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, shi ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta kowane lungu na jiki. Wanda aka saba da shi ana yi masa alama da harafin A. Akwai wani kuma mai alamar S, wanda da zarar ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya sandare, ya lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma siffar lauje. Irin wannan ƙwaya ba ta iya ratsa ƙananan jijiyoyi cikin sauƙi. Sai ta maƙale, jini ya tsaya, ƙashi ya ɗauki ciwon da masu shi kan ce ba ya misaltuwa. Ba ta kuma da tsawon rai: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ita kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jinin mai sikila a ƙasa yake. Saifa takan lalace tun yaro yana ƙarami, sai ciwon huhu ko zazzaɓin da wani yaro zai tashi daga shi cikin kwana uku ya zama ajalinsa. Wasu kuma ɓarin jikinsu ke shanyewa tun suna firamare.

Kowane mutum kashi biyu yake gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji A ta kowane ɓangare shi ne AA. Wanda ya gaji S ta kowane ɓangare shi ne SS, mai cutar. Na tsakiya, AS, lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana dako, yana buga ƙwallo, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Hasali ma wata garkuwa gare shi. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa yara masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Binciken Garki ya ƙara tabbatar da haka: masu AS kusan kashi 24 ne cikin 100 a tsakanin jarirai, amma a tsakanin waɗanda suka haura shekara biyar sun kai kusan 29, saboda zazzaɓi ya fi ɗibar 'yan AA. Wato sauro ne ya yi ta tace mu shekaru aru-aru, har S ta yi yawa a cikinmu. Babu zunubin kowa a ciki, babu kuma dangin da za su bugi ƙirji su ce su ba su da shi.

Daga nan lissafin mai sauƙi ne. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Idan ana aure ba tare da an duba ba, cikin kowane aure 16 za a sami ɗaya da AS ya haɗu da AS. A irin wannan gida, kowane ciki da aka ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Tara waɗannan wuri ɗaya, ka auna da yawan haihuwar ƙasar, sai ka ga girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila a Nijeriya kowace shekara. Babu ƙasar da ta kai haka a duniya.

Wannan "ɗaya cikin huɗu" ya ruɗi mutane da yawa. Na sha jin saurayi yana cewa, "To ai shi ke nan, mu haifi uku mu tsaya, tunda na huɗun ne ke zuwa da ita." Wani kuma ya ce, "Ɗan farinmu ya riga ya ɗauke, sauran ukun za su zo lafiya." Duka biyun kuskure ne mai tsada. Kowane ciki tamkar jefa kwabo ne sama, kuma kwabo ba ya tuna gefen da ya faɗi jiya. Ana iya haifar biyar a jere babu mai ita, ana iya haifar uku a jere duk da ita. Idan ma'aurata masu AS suka haifi 'ya'ya huɗu, yiwuwar a sami aƙalla ɗaya mai sikila ta kai kashi 68 cikin 100. Idan shida ne, ta haura 80. Mu kuwa a Arewa maso Yamma, binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace takan haifi fiye da shida. Saboda haka a gidajenmu "ɗaya cikin huɗu" kusan tabbas ne, sai dai a jira a ga wane ne.

Sannan wa ake ɗora wa laifi in abin ya zo? Ɗauki magidanci mai AS da mata biyu. Uwargida AA ce, 'ya'yanta bulbul, ba su san hanyar asibiti ba. Amarya AS ce, ɗanta na biyu kullum ana ƙarin jini. Dangin miji ba sa buƙatar likita kafin su yanke hukunci. "Ga 'ya'yan waccan nan lafiya lau, ita ce ta kawo mana tsiya gida." Da yawa an sake su a kan haka, sun koma gidan iyaye da yaro marar lafiya a baya, alhali rabin abin da ke jikin yaron daga uban ya fito. Babu yadda za a yi mace ita kaɗai ta haifi SS.

Auren zumunci ma ana yawan jingina masa abin, kuma yana da nasa kason. Idan saurayi AS ne, yiwuwar 'yar baffansa ko 'yar kawunsa ta zama AS takan tashi daga ɗaya cikin huɗu zuwa kusan ɗaya cikin uku. Ƙari ne, amma ba shi ne tushen matsalar ba. Wanda ya tsallake danginsa ya je Sakkwato ko Damagaram ya auro bare bai tsira ba, tunda can ma kusan haka abin yake. Gwaji ne ke rabewa, ba nisan gari ba.

A watan Mayu na 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure ta Jihar Kano. Dokar ta wajabta wa masu shirin aure gwajin jinotayif, wato na gano ko mutum AA ne ko AS ko SS, da na cuta mai karya garkuwar jiki, da na ciwon hanta nau'in B da C, da na tunjere. Ta hana a ɗaura aure sai an nuna takardar shaida daga asibitin da gwamnati ta amince da shi, ta kuma tanadi tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar ga wanda ya saɓa. Tun kafin nan Hukumar Hisbah ta saba gindaya gwajin jini a auren gata da take shiryawa, kuma coci-coci da dama a ƙasar nan sun daɗe suna neman takardar kafin su ɗaura aure. Dokar abin yabo ce. Sai dai akwai waɗanda suka riga mu taka wannan hanya, kuma ya kamata mu tambayi abin da suka tarar.

Saudiyya ta wajabta gwajin sikila da na talasimiya kafin aure a 2004. Talasimiya 'yar'uwar sikila ce ta fuskar gado, ita ma sai uwa da uba sun haɗu wajen bayarwa, amma ita jiki ne ke kasa ƙera isasshen himogulobin, sai yaro ya rayu a kan ƙarin jini kusan kowane wata. Gwajin a Saudiyya dole ne, amma bin sakamakonsa ba dole ba ne. Da masu bincike suka bi sawun waɗanda aka gaya wa a shekarun farko cewa jininsu bai dace ba, sai suka tarar kusan 9 cikin 10 sun yi aurensu. Ba taurin kai ne kawai ba. An riga an biya sadaki, an kama zauren biki, an raba katin gayyata, iyaye sun yi wa juna alkawari, takardar asibiti kuma ita ce abu na ƙarshe da ake zuwa karɓa. Sai da aka yi shekaru ana wayar da kai, mutane suka fara zuwa gwaji da wuri, sannan masu fasawa suka kai kusan rabi a 2009.

Akan kawo misalin tsibirin Kuburus da na Sardiniya a Italiya, da kuma Iran wadda ta fara nata shirin na ƙasa a 1997. Gaskiya ne haihuwar masu talasimiya ta ragu matuƙa a waɗannan wurare. A Kuburus, inda kusan mutum ɗaya cikin bakwai ke ɗauke da ita, cocin Otodoks ta fara neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure a 1983, kuma cikin 'yan shekaru haihuwar masu cutar ta kusa ƙarewa. Amma masu kawo misalin sukan tsallake rabin labarin. Yawancin ma'auratan can ba fasa aure suka yi ba. Gwajin ɗan tayi suke yi tun ciki yana ƙarami, in ya nuna cutar a zubar. Wannan hanya a wurinmu tana da tsada, tana ƙaranci, doka ba ta buɗe ta ba, kuma zuciyar mafi yawan mutanenmu ba ta karɓe ta ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne zaɓen abokin zama. Zaɓe kuwa yana da lokacinsa.

Duba yadda aure ke tafiya a ƙasar Hausa. Yaro ya ga yarinya, ya fara zuwa zance. A yi wata shida, a yi shekara, wani lokaci fiye. Ya turo magabata, a kai kuɗin gaisuwa, a raba goro da alewa, unguwa ta ji. A yi baiko, a sa rana. Ya shiga haɗa lefe, wataƙila ya sayar da babur ko ya ci bashi. Uban yarinya ya ba kafinta aikin gado da kujeru, uwa ta kwashe adashinta ta zuba a kayan kicin, ƙawaye sun fitar da anko. Saura sati biyu sai wani ya tuna: "Af, liman fa ya ce sai da takardar asibiti." Su je tare, a ɗebi jini, a miƙo musu takarda mai ɗauke da AS da AS.

Me ake so su yi da ita? Yarinyar da duk gari ya san ranar aurenta, in aka fasa, wane bayani za a yi? Kafin yamma an ƙirƙira mata cuta uku da ba ta da su. Uba ya ce, "Ni na riga na ba da 'yata, ba zan zama ƙaramin mutum ba." Gwaggo ta ce, "Mu da aka yi mana aure ba gwaji, mutuwa muka yi? Allah ne mai rabawa." Saurayi ya ce, "Hajiya, ni na ji na gani." Ma'aikaciyar asibiti, wadda layin mutum hamsin ke jiranta a waje, ta ce, "To Alhaji, ni dai na gaya muku," ta kira na gaba. A irin wannan matsi ne ake neman wanda zai canza harafi ɗaya a takarda, kuma akan samu. Gwajin da aka yi bayan an sa rana ihu ne bayan hari. Mun ɗauki tambayar da ya kamata a yi tun ran farko mun ajiye ta a ƙarshe, sannan muna mamakin yadda ba a jin amsarta.

Ƙasar Bahrain ta gane wannan da wuri. Daga 1999 ta fara gwada jinin ɗaliban sakandare, aji guda kowace shekara, a ba kowa katinsa tare da bayani, shekaru kafin maganar aure ta taso. Dokar gwaji kafin aure sai a 2004 ta biyo baya, ta tarar matasa da yawa sun riga sun san kansu. Haihuwar masu sikila a ƙasar ta faɗi ƙwarai daga abin da take a da. Akwai kuma dabarar wasu Yahudawa masu riƙon addini a birnin Niyok. Wani malaminsu, Josef Ekstein, wanda ya binne 'ya'yansa huɗu saboda wata cutar gado ta ƙwaƙwalwa, ya kafa ƙungiyar Dor Yeshorim a 1983. Ana gwada samari da 'yammata tun suna makaranta, amma ba a gaya wa kowa sakamakonsa, lamba kawai ake ba shi. In an fara tunanin haɗa wane da wance, tun kafin su shaƙu, sai a kira ofis a ba da lambobin biyu, a ce sun dace ko ba su dace ba. In ba su dace ba kowa ya kama gabansa, babu wanda aka yi wa tambari. Ba lallai mu kwafi tsarinsu ba, amma hikimar a fili take: labari ya riga so isowa.

Dalilin ɓoye sakamakon nan ma abin lura ne, don gwaji da wuri yana da nasa ramin. A wani ƙauyen Girka mai suna Orkomenos, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutane ke da AS, an gwada kowa an gaya masa. Da likita George Stamatoyannopoulos ya koma bayan shekara bakwai, sai ya tarar masu AS sun zama abin gudu. Iyalai masu AA ba sa son haɗa zuri'a da su, iyayen 'yammata suna ɓoye sakamako, kuma auren AS da AS bai ragu ba. Amurka ma ta yi irin wannan tuntuɓe a shekarun 1970, lokacin da aka shiga gwada baƙaƙen fata ba tare da isasshen bayani ba. An hana lafiyayyun mutane aiki, an tsauwala musu kuɗin inshora, kwalejin sojan sama ta ƙi ɗaukar masu AS har zuwa 1981. Mu ma alamun sun fara bayyana. Za ka ji saurayi yana cewa shi sai AA zai aura, alhali shi kansa AA ne, babu abin da zai sami 'ya'yansa in ya auri AS, ko ma SS. Idan masu AA suka koma auren junansu kaɗai, wa aka bar wa masu AS in ba junansu ba? Ka ga an koma gidan jiya, har ma an fi da muni. Mai AA shi ne ya fi kowa sarari, kuma in ana maganar taimakon al'umma, shi ya kamata ya buɗe ƙofarsa.

Akwai kuma maganar ita kanta takardar. Da farko, jinotayif daban, rukunin jini daban. Wanda ya ce maka shi "O" ne bai gaya maka komai a kan sikila ba, wancan bayani ne na ranar ƙarin jini. Na biyu, ba kowane gwaji ne gwaji ba. Akwai mai arha da ake ɗiga magani a jini a duba ko zai lanƙwashe ko zai yi gauraye. Wannan yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin wani nau'in himogulobin mai alamar C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso da ƙasar Yarabawa, a cikinmu ma akwai shi. Mai AC in ya auri mai AS suna iya haifar SC, wadda ita ma sikila ce, ko da yake sau da yawa ta fi sauƙi. Gwajin da ake dogara da shi shi ne wanda ake rarrabe nau'o'in himogulobin da lantarki, ko na na'urar da ake kira HPLC wadda ta fi shi daidaito. Yanzu akwai kuma 'yan tsinkayen gwaji irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu ba da amsa cikin mintuna daga ɗigon jinin yatsa, waɗanda za su yi amfani a makarantu da ƙauyuka. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya dakata, don jinin wani ne zai bayyana a sakamakonsa. Kuma ko na lantarkin ne, in na'ura ta tsufa, ko ma'aikaci ya gaji, ko aka musanya kwalba, kuskure na faruwa. Asibitocin sikila cike suke da iyayen da ke riƙe da tsohuwar takarda mai cewa ɗayansu AA ne. Wasu ƙarya aka yi musu, wasu kuwa ɗakin gwaji ne ya yi kuskure, aka bar mata da zargin da ba su ji ba ba su gani ba.

Ta fuskar addini, malamai ba su haɗu a kan wajabtawa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Musulmin duniya ta Rabiɗa, a zamanta na 17 a Makka a ƙarshen 2003, ta ga cewa bai kamata a mai da gwaji sharaɗin ƙulla aure ba, tunda shari'a ta riga ta ƙayyade sharuɗɗansa, amma ta yi kira a wayar da kan jama'a, a sauƙaƙa gwajin, a kuma riƙe sirrin sakamako. Wasu malamai kuwa suna ganin shugaba yana da ikon wajabta shi don kare maslahar jama'a. Ni abin da na lura da shi shi ne saɓanin duka a kan ranar ɗaurin aure yake. Ban ga malamin da ya hana uba ya kai ɗansa ɗan shekara goma sha biyar asibiti ya san jininsa. Mai cewa gwaji ja da ƙaddara ne kuwa, shi ne dai wanda kafin ya ba da 'yarsa yake aikawa a binciko asalin yaro, da sana'arsa, da halinsa, har da ko akwai hauka ko kuturta a danginsu. Bincike kafin aure al'adarmu ce tun kaka da kakanni, ɗigon jini kawai aka ƙara a kai.

Kada kuma zancen rigakafi ya sa a manta da waɗanda suka riga suka zo. Yadda wasu ke wa'azin gwaji, sai ka ɗauka mai sikila kuskure ne da ke yawo da ƙafa biyu, kuma suna ji, yana yi musu ciwo. Garki ta shekarun 1970 ba ita ce yau ba. Yaron da aka gano tun yana jariri, aka ɗora shi a kan fenisilin, aka yi masa alluran rigakafi, aka kare shi daga sauro, aka riƙa ba shi ruwa isasshe, yana da kyakkyawar damar girma. Gana ta fara gwajin jarirai a Kumasi tun 1995 a ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun nuna cewa ana iya auna gudun jini a kan yaro da na'ura a gano wanda ke dab da shanyewar ɓarin jiki, a kare shi da maganin haidiroksiyuriya. An yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Casgevy, sai dai kuɗin da aka sa masa a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, don haka a bar shi a labari tukuna. Cikin masu SS a yau akwai likitoci, da lauyoyi, da malamai, da iyayen 'ya'ya. Mai SS da ya auri AA, duk 'ya'yansu AS za su zo, babu mai cutar ko ɗaya. Dokar Kano ma ta hana tsangwamar masu sikila, kuma wannan sashe nata ya cancanci a riƙa karanta shi da ƙarfi kamar sashen cin tara.

Su kuma masu AS biyu da suka ji bayani dalla-dalla, suka fahimci lissafin, suka ce duk da haka za su yi, ra'ayina shi ne kada a kai su kurkuku, kada kuma a yi musu ƙarya. A kai su ɗakin masu sikila su yini, su ga uwar da ta kwana uku a zaune tana danna ƙafar ɗanta, su tambayi uban nawa yake kashewa a wata. In sun fito suna kan bakansu, to a rubuta sunansu, a gwada duk jaririn da suka haifa tun kafin a yi wata uku. Tilas ba ta hana irin wannan aure, sai dai ta kora shi ƙauyen da ke maƙwabtaka, inda liman ba ya tambayar takarda.

Gwamnatocin jihohi suna da hanya a buɗe: a sa gwajin a ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, da Islamiyyu, da makarantun allo, kyauta, tare da mai bayani da Hausa wanda ba ya sauri, sakamako kuma ya zama sirrin yaro da iyayensa. Amma kai mai karatu ba sai ka jira gwamnati ba. In kana da 'ya'ya ko ƙanne da suka fara tasawa, kai su babban asibiti a hutun nan, ka ce gwajin jinotayif na lantarki kake so, ba na rukunin jini ba. Bayan wani lokaci ka maimaita a wani asibitin daban. In sakamakon biyu sun zo ɗaya, ka zaunar da yaron ka gaya masa ma'anar haruffan, ka adana takardar tare da ta haihuwarsa. Ran da wani ya yi sallama a ƙofar gidanka yana neman izinin zuwa zance, ka tambaye shi tasa a ranar, tun ba a kai ga goro ba.